Kacar Kawu Nahum

Sabon Tasha, Kaduna
Oktoba, 2006

Zuwa ga Dinah Ɗanladi, 'yar ƙanwata, a birnin Kuala Lumpur.

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, wanda ya ga dama ya ajiye ki a ƙetaren teku, inda bulalata ba ta kaiwa. Ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya lau, in an cire gwiwata ta hagu, wadda ta yi ritaya tun kafin gwamnati ta sallame ni, kuma har yau ba ta nuna alamar komawa aiki ba. Mahaifiyarki Caroline tana nan ƙalau. Tana rera waƙa a zumuntar mata da muryar da Allah ya ba ta, mu kuma muna haƙuri.

Bayan haka, na ɗauki alƙalami ne a kan wani al'amari da ya hana ni jin daɗin shayina.

Mun tura ki Malesiya ki karanci lissafin kuɗi. Kin gama, mun ji, mun yanka akuya, na yi jawabin da har yanzu ake maganarsa a unguwa. Muna jiran ki dawo ki yi bautar ƙasa, sai ga wasiƙarki ga mahaifiyarki kina roƙon ƙarin lokaci don, a cewarki, kina koyon wata sana'a. Ba ki faɗi sunan sana'ar ba. Amma Caroline ta kawo mini ambulan ɗin, na juya bayansa, na karanta adireshin da kika rubuta da hannunki: Studio Kaca, Sentul.

Dinah, mutumin da ya shugabanci makarantar firamare har gashin kansa ya ƙare ba ya bukatar tafinta. Studio ɗakin aiki ne. Kaca kuwa kaca ce. Don kada a ce na yanke hukunci ba bincike, na tambayi ɗan wata ƙanwata, Levi, wanda ke digiri na biyu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, can birninku, ko wane irin wuri ne Sentul. Ya ce unguwar tsofaffin maƙeran jirgin ƙasa ce. Shaida ta cika.

Ashe mun sa ki a jirgin sama ne don ki je ki tsuguna da baƙin mai har gwiwar hannu, kina ɗaura kacar kekunan Malesiyawa. Ba na raina sana'a. Amma a mahaɗar Sabon Tasha kaɗai akwai masu gyaran kaca da suka isa su cika coci, kuma ban ji ɗayansu ya nemi fasfo kafin ya ƙware ba.

Saboda haka, a matsayina na babban wan mahaifiyarki kuma mai riƙe da gidan marigayi Ɗanladi, na yanke cewa ki tattara kayanki ki iso gida kafin Ista. Kada ki kira ni a waya. Ba na sauraron ɗaukaka ƙara ta waya, kuma saƙon kwamfuta ba shi da mutunci.

Ki riƙa wanke hannu da kyau kafin ki ci abinci.

Kawunki mai ƙaunarki cikin baƙin ciki,
Nahum Maitama, Hedimasta (mai ritaya)

*

Sentul, Kuala Lumpur
Nuwamba, 2006

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina gaida gwiwarka ta hagu, Allah ya dawo da ita bakin aiki. Ina lafiya, hannuwana ma tsaf suke, sai 'yan tabon ƙuna.

Kawu, ka yi mini afuwa. A harshen mutanen nan, kaca ita ce gilashi. Rubutu ɗaya, faɗa ɗaya da tamu, ma'ana daban. Ban taɓa ko keke ɗaya ba tun da na zo ƙasar nan.

Ga yadda abin ya faru. Wata rana na zo Sentul sayen abinci a wani kedai, wato ɗan shago, sai na hango wata dattijuwa ta ƙofar wani tsohon sito tana jujjuya dunƙulen wuta a bakin sandar ƙarfe. Na tsaya kallo har abincina ya yi sanyi. Sunanta Puan Norsiah, Puan ɗin kamar a ce Uwargida. Ba kofi ko kwalba take yi ba. Tana narka gilashin tagogin tsofaffin taragun jirgi a tanderu, ta mai da shi siffofi manya da ake tsayarwa a zaure a kalla. Na tambaye ta dalili. Ta ce gilashin taga yana shekaru ana kallon duniya ta cikinsa, ba mai kallonsa shi, sai ranar da ya fashe. Aikinta shi ne ta sa a kalle shi. A makaranta an koya mini cewa abin da ya fashe sai a soke shi daga lissafi. A wurinta, daga nan ake fara aiki.

A watan Yuni za a yi baje kolin ayyukan sababbin masu fasaha. Ta ce in na fitar da abin da alƙalai suka karɓa, za ta riƙe ni abokiyar aiki. In ban fitar ba, ko na tafi, akwai masu jiran gurbina. Na yi furanni, na yi kifaye. Duk wanda na nuna mata sai ta ce, "Da kyau, amma kowa ma zai iya. Ina naki?"

Sai ga wasiƙarka. Na fassara mata ita, ban rage komai ba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Can sai ta tsaya, ta ce, "A harshenku kaca zobba ne masu riƙe da juna, a nawa gilashi ce, ke kuma kina tsaye tsakanin harsunan biyu kina yi mini kifi?"

Kawu, kaca zan yi. Kacar gilashi. Kuma na san gilashin da nake so.

Ka tuna gidanmu na Tudun Wada, da yadda aka farfasa tagoginsa a rikicin shekara ta dubu biyu. Ka tuna maƙwabcinmu Malam Hambali tela, wanda ya ɓoye mu a ɗakin ɗinkinsa, aka bi aka farfasa nasa tagogin saboda haka. Mama ta kwashe namu tarkacen a bokitin fenti, yana ƙarƙashin gadonta, tana tsammanin ban sani ba. Ina roƙonka ka karɓo mini shi. Ina kuma roƙonka ka haye gada ka tambayi Malam Hambali ko wani abu ya rage daga nasa. Levi zai zo Kirsimeti, sai ya taho mini da su. Kowane zobe ina so a narka gilashin gidajen biyu a cikinsa.

Ba zan ɓoye maka haɗarin ba. Gilashi biyu daga masana'anta daban ba sa hucewa tare. Ɗaya yana tsukewa kafin ɗaya, sai su ja juna, su tsage. Ana iya fito da abu daga tanderu sumul, kwana kaɗan ya tarwatse shi kaɗai a kan tebur. Puan Norsiah ta ce da wuya su jitu. Na ce zan gwada. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Boleh," wato ba laifi.

Na yi wa Mama alkawari ba zan zauna a nan ba da albarkar gida ba. In ka ce Ista, Ista ce. Amma ka sani in na taho a lokacin, na bar aikin ke nan har abada.

'Yarka,
Dinah

*

Sabon Tasha, Kaduna
Janairu, 2007

Dinah,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Gwiwata ta gode da gaisuwarki, amma ta ce ba ta karɓar umarni daga ƙasar waje.

Da farko, a rubuta a ajiye cewa ban yi kuskure ba. Malesiyawa ne suka ɗauki kalmarmu suka ajiye ta inda ba wurinta ba. In akwai wanda ya kamata ya nemi afuwa, ba a Kaduna yake ba.

Na biyu, na cika aikenki, ba don na yarda da shi ba, sai don kada tarihi ya ce an hana mai ƙara kawo shaida.

Da na tambayi mahaifiyarki bokitin, ta ce ba ta san wani bokiti ba. Na zauna ina kallonta irin kallon da na saba yi wa 'yan aji shida. Ta shiga ɗaki ta jawo shi. Ba zan kwatanta miki abin da ya biyo baya ba, sai dai in ce hankicina bai bushe ba sai washegari, kuma ba ni kaɗai na jiƙa shi ba.

Sai batun gada. Kin san tun waccan shekarar ƙafata ba ta taka Tudun Wada ba. Muna kudu, suna arewa, kogi na tsakani, kowa yana gaida kowa a zuci. Na sa kwat ɗina mai ruwan toka, na hau bas, na zauna kusa da ƙofa saboda dalilai na tsaro waɗanda ba tsoro ba ne. Na sauka ina tambayar hanya a unguwar da na yi shekaru ina cin tuwo a cikinta.

Na tarar da Hambali a bakin kekensa, tabarau a kan hanci. Ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Hedimasta! Wannan kwat ɗin bai mutu ba har yanzu?"

Na ce, "Wanda ya ɗinka shi ma bai mutu ba, balle shi."

Ya ce, "Ai shi ya sa hannun hagu ya fi na dama tsawo. Zauna, kafin ka faɗi."

Matarsa Barira ta fito, ta riƙe baki, ta koma ciki da gudu, ta dawo da abincin da ya isa taron biki. Ta tambaye ki da sunanki. Da na faɗi abin da ya kawo ni, Hambali ya tashi, ya kai ni bayan ɗakin ɗinkinsa, ya buɗe wani tsohon duro. Tarkacen na nan. Ya ce ya tara su ne da niyyar ya kafa su a kan katanga da siminti, yadda kowa ya yi bayan rikicin, amma duk ranar da ya kira magini sai ya ji ba ya son ya kwana a gida mai haƙora.

Daga nan ya cika ni da surutun da ba shi da amfani ga bincikena. Wai shekarar da suka yi gini, shi da mahaifinki suka haɗa suka sayi kwali ɗaya na fallayen gilashin taga suka raba, falle ɗaya ya yi saura, Ɗanladi ya ɗauke shi da wayo ya ce na ajiya ne. Har yau abin na ransa. Na ce masa marigayi ba ya nan balle ya kare kansa. Ya ce ai da yana nan ma ba shi da abin cewa. Muka yi ta gardama har la'asar ta wuce, ya rako ni tasha da kansa.

Levi ya taho miki da kayan a ƙulli biyu, na rubuta wa kowane suna. Ya yi ƙorafin cewa sauran ɗalibai kilishi da yaji suke kaiwa, shi an ɗora masa shara. Na tuna masa wanda ya koya masa karatu.

Hukuncina yana nan, da gyara ɗaya. Ki gwada. In abin ya tsaya kafin Ista, zan sake zama a kan shari'ar. In ya tsage, kamar yadda malamarki da hankali suka yi hasashe, ki hau jirgi. Na naɗa Levi ya zama idona, ya aiko mini da rahoto a rubuce.

Kawunki,
Nahum Maitama, Hedimasta (mai ritaya)

*

Cheras
Maris, 2007

Kawu, ina wuni, ina gajiya. Ina lafiya, jarrabawa ce dai ta sa ni a gaba, shi ya sa zan gajarta.

Na je Sentul kamar yadda ka ce. A gabana aka buɗe tanderun, aka fito da aikin. Na gani da idona. Aikin Dinah dai Kaca-Kaca ne, Kawu, ban taɓa ganin irinsa ba. Puan Norsiah tana gani ta rufe fuska ta fashe da kuka. Dinah kuwa ta zauna a ƙasa kawai. Har masu shagunan kusa suka shigo suna kallo suna girgiza kai. Na ja ta zuwa wurin mai shayi, ko loma ɗaya ba ta iya ci ba.

Sauran bayani ita za ta yi maka. A gaida su Mama Caroline.

Levi

*

Sabon Tasha, Kaduna
Afrilu, 2007

Dinah, 'yata,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, domin na san amsar. Tawa ma ba ta da daɗin faɗa. Rahoton Levi ya iso ana gobe Juma'a Mai Kyau. Na karanta shi a tsaye, na sake karanta shi a zaune, kalmar ba ta canza ba. Kaca-kaca.

Bisa doka, wannan wasiƙa ya kamata ta ƙunshi layi ɗaya: ki hau jirgi. Ni na kafa sharaɗin, abin ya tsage, hasashena ya tabbata. Ban taɓa yin gaskiya na ji ɗacinta irin wannan karon ba.

Ranar Asabar na haye gada na kai wa Hambali labari, domin gilashinsa na ciki, yana da haƙƙin ya ji. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Yarinyar fa?"

Na ce, "An ce ko abinci ba ta ci."

Ya ce, "To me kake jira?"

Na ce ina jiran in tuna wa ya ba tela izinin yi wa hedimasta tambaya. Bai saurare ni ba. Ya shiga ɗakinsa na baya, inda taga ɗaya tak ta tsira a waccan shekarar, ya fara zare fallayen gilashinta ɗaya bayan ɗaya. Barira tana cewa, "Malam, damina fa ta kusa." Ya ce, "Kawo tsofaffin zannuwa, Hajiya, ruwa bai taɓa kashe tela ba." Ya naɗe su, ya ɗora mini a cinya, ya ce a kai miki ki sake gwadawa. Yanzu haka kwali ne a tagarsa.

Ranar Ista bayan sujada dangi suka taru a gidana. Waɗanda suka san komai tun farko suka fara bayani: ai dama, ai mun faɗa, ai mace da wuta. Na bar su suka gama. Sannan na miƙe, ba tare da na dafa komai ba, gwiwata shaida ce, na yi jawabi.

Na ce a gidan nan an taɓa fasa mana gilashi, muka kwashe muka gudu, muka tura shi ƙarƙashin gado. Na ce yarinya ɗaya ce a cikinmu ta ce a fito da shi a sa a wuta a ga abin da zai zama. Na ce in ya fashe sau ɗaya a hannun masu jifa, ya sake fashewa a hannun mai gyara, waɗannan fashewa biyu ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda bai ga bambancin ba ya zo in mayar da shi aji ɗaya. Na ce 'yar Ɗanladi ba za ta sauka a filin jirgi da kai a sunkuye ba muddin ina numfashi. Mahaifiyarki ta fara waƙa, kuma a karo na farko a tarihi ban ji ciwon kunne ba.

Saboda haka na soke hukuncina na watan Oktoba, da gyaransa na watan Janairu. Ki zauna. Ki share tarkacen, ki ci abinci, ki koma bakin tanderu. In baje kolin bana ya wuce ki, akwai na baɗi. Ki gaya wa Puan Norsiah ta share hawayenta, Hedimasta Nahum Maitama yana bayanku. Fallayen Hambali suna nan a ɗakina, ina neman matafiyi mai hankali, wato ba Levi ba.

Albarkar gida tana kanki.

Kawunki,
Nahum

*

Sentul, Kuala Lumpur
Yuni, 2007

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, ina cin abinci har Puan Norsiah tana ɓoye nata. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, saboda gwiwa.

Kawu, ba abin da ya fashe. Kaca-Kaca sunan aikin ne.

A harshen nan, in ana nufin abu da yawa sai a maimaita kalmar. Kaca-kaca a wurinsu gilasai ke nan. A wurinmu kuwa ka san abin da take nufi, shi ne yadda aka bar gidajenmu. Na ga kalma ɗaya ta ɗauke abin da aka yi mana da abin da na yi da shi, sai na raɗa wa aikin ita. Levi ya ɗauka na riga na gaya maka. Na same shi a masaukinsa a unguwar Cheras na karanta masa rahotonsa da ƙarfi a gaban abokansa, har yanzu yana ba da haƙuri. Kukan Puan Norsiah na murna ne. Zaman da na yi a ƙasa ma na murna ne.

Ka san abin da ya sa bai tsage ba? Kai ka faɗa mini, a cikin abin da ka kira surutu marar amfani. Da na karanta wa Puan Norsiah zancen kwali ɗaya da Baba da Malam Hambali suka raba, ta ƙwace takardar daga hannuna kamar tana jin Hausa. Kwali ɗaya, masana'anta ɗaya, narki ɗaya. Gilashin gidajen biyu tun asali abu ɗaya ne, tare suke zafi, tare suke hucewa. Duk da haka ba mu yi gaggawa ba. Na daka tarkacen, na gauraya, na zuba a mazubai masu siffar zobe, kowane zobe ya rufe a cikin na kusa da shi. Muka bar tanderun ya huce a hankali, domin ta ce gilashin da aka yi wa gaggawa yana riƙe ciwonsa a ciki, ba a gani, sai ranar da ya tashi. Bayan an fito da kacar muka sa mata ido makonni, shi ya sa ban rubuto maka kafin Ista ba. Ko tsaga ɗaya.

Wasiƙarka ta Afrilu ta daɗe a hanya. Da na karanta ta na yi dariya, na yi kuka, na kira Mama nan take. Ta ce, "Kada ki kuskura ki gaya masa ta waya, kin san ba ya karɓa. Kuma ki bar shi tukuna. Duk Asabar yana haye gada su yi jimami shi da Hambali, ya dawo da fara'a da ƙullin abinci. Rabon da in ga wana haka tun kafin rikici." Don haka laifin jinkirin nan na ƙanwarka ne, ka yanke mata hukunci.

An buɗe baje kolin makon jiya. Alƙalai sun rataye kacar a bakin ƙofar shiga, daga rufi har kusan ƙasa, inda rana ke shigowa. Launinta kore-kore ne, irin na gefen gilashin taga, da ƙananan kumfa a ciki, da ɗigon jar ƙasar Tudun Wada da ta ƙi wankuwa. In iska ta taɓa ta sai ta yi 'yar ƙara kamar cokali a kofi. Mutane suna zuwa da surutu, su iso gabanta su rage murya. Wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa a Sentul ya tambaye ni wane zobe ne na gidanmu, wane ne na maƙwabci. Na ce ni ma da na yi su ba zan iya rabewa ba. Ya daɗe a tsaye. 'Yan Najeriya sun zo da yawa, na coci da na masallaci, suna ta gardama a kan fassarar sunan, Malesiyawa suna ta tambayar abin da ke ba su dariya.

Kawu, aikin ya zo na ɗaya, an ba ni lambar yabo. Puan Norsiah ta sa an ƙara sunana a allon ƙofar ɗakin aiki, a ƙarƙashin kalmar da ta tayar maka da hankali.

Abin da ya fi lambar daɗi a wurina shi ne ka ba ni albarka a ranar da kake tsammanin na faɗi. Na ajiye wasiƙar.

Don Allah ka mayar wa Malam Hambali fallayensa kafin ruwa ya yi masa ɓarna. Ga hoto na sa a ciki, ɗaya naka, ɗaya nasa.

'Yarka,
Dinah

*

Sabon Tasha, Kaduna
Yuli, 2007

Zuwa ga Dinah Ɗanladi, gwanar kaca ta ƙasar Malesiya da kewaye.

Gaisuwa da yabo ga Ubangiji. Muna lafiya. Gwiwata ta yi rawa ranar Lahadi a gaban jama'a, abin da zan musanta in an tambaye ni.

Na karanta wasiƙarki, kuma ina so a rubuta a ajiye cewa ban yi mamaki ba. Duk mai bin tarihin wannan al'amari da idon basira zai ga hannu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wa ya fara cewa kaca kike yi, tun kina ɓata lokaci a kan kifi? Wa ya haye gada? Wa ya kawo bayanin kwali, wanda masana suka ƙwace takarda a kansa? Wa ya soke hukunci a daidai lokacin da ya dace? Ba na neman yabo. Ina dai ba da shawara a ƙara ɗan layi a ƙarƙashin aikin: Bisa tunanin N. Maitama. Ƙananan haruffa sun isa, muddin ana iya karanta su daga ƙofa.

Game da kalmar kaca-kaca, na fahimci rahoton Levi daidai yadda duk mai lafiyayyar Hausa zai fahimce shi. Na yafe masa, amma ya rubuta mini ma'anar alamar zance ya aiko. Mahaifiyarki kuwa na kira ta gaban shari'a, ta zo tana dariya, shari'ar ta watse.

Hoton yana bangon falona, a saman takardar ritayata. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji bayani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na kai wa Hambali nasa. Ya kai shi kusa da hanci, ya nisanta shi, ya ce, "Hedimasta, ina nawa a ciki?" Na ce ba a rabewa. Ya ce, "To Ɗanladi ya sake cinye ni ke nan." Sai ya juya ya fuskanci bango yana gyara zaren keken da ba abin da ya same shi.

Fallayen nan ya ƙi karɓa. Ya ce abin da ya ba 'yarsa ya bayar, ki yi wani aikin da su. Ruwa kuwa ya riga ya jiƙa masa katifa. Don haka ranar Asabar muka je kasuwa tare muka sayi sabon kwali guda, domin tagar kicin ɗina ma ta daɗe tana neman gyara. Muka raba a gaban shagonsa, nawa nan, nasa can.

Falle ɗaya ya yi saura.

Ya ce nasa ne, tun na wancan kwalin yake bi. Na ce a matsayina na mai riƙe da gidan marigayi, ajiyar marigayi a hannuna take. Ya ce ni da marigayi duk halinmu ɗaya. Barira ta ce in ba mu yi shiru ba za ta fasa shi kowa ya huta. Na ɗauke shi na sa a hammata na hau bas.

An ɗage shari'ar zuwa Asabar mai zuwa, a gidana. Caroline ta riga ta sayi kaza. Wannan karon shi zai haye gada.

Kawunki, kuma mafarin al'amarin,
Nahum Maitama, Hedimasta (mai ritaya)